Tsohon Wasan Barkwancin Shakespeare a Bakin Matasan Kaduna

Wata ƙungiyar matasa masu wasan kwaikwayo ta ɗauko ɗaya daga cikin tsofaffin wasannin barkwanci na Shakespeare ta nuna shi da Hausa a wani zauren taro da ke kusa da Unguwar Rimi, kuma duk mai sha'awar wasan daɓe ya kamata ya je ya gani, ko da yake akwai gyaran da ya rage. Wasan shi ne wanda marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya fassara da sunan Daren Sha Biyu a 1971. An nuna asalinsa a Landan a 1602, aka fara buga shi a 1623. Labarin tagwaye ne, Viola da Sebastian, waɗanda haɗarin jirgin ruwa ya raba, sai macen ta yi shigar maza ta kama aiki a gidan wani basarake, daga nan soyayya ta rikice, kowa yana son wanda bai san ana yi ba.

Kawo irin wannan wasa Kaduna ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne, domin mutanen garin da suka tashi da Samanja Mazan Fama na marigayi Usman Baba Pategi, suka kuma san Ƙasimu Yero, ba su yin dariya don kara. Matasan sun gane haka, shi ya sa suka dasa labarin a ƙasar Hausa tun daga tushe. Haɗarin teku ya zama kifewar kwalekwale da damina, wawan gidan ya zama maroƙi mai rataye da kalangu, kawun da ke shan giya a asalin wasan kuma ya zama ɗan zaman majalisa wanda mai shayi ke binsa bashi.

Inda suka fi nuna basira shi ne a kan Olivia, attajirar da basaraken ke nema. A rubutun Shakespeare ta yi alwashin lulluɓe fuskarta shekara 7 saboda rasuwar ɗan'uwanta, alhali duk Bahaushen da ke zauren ya san cewa zaman makoki kwana 3 ne, takaba kuwa ta miji ce, wata 4 da kwana 10. Maimakon su share wannan, sai suka ƙara wata gwaggo da ke shigowa da carbi a hannu tana cewa, "Ke 'yar nan, a gidan wane malami kika samo wannan takaba?" Da wannan tambaya masu kallo suka fahimci cewa makokin ya zama mafakar guje wa manema, kuma suka yi dariya ba tare da an raina mamaci ba.

Wanda ya fito a matsayin Malvolio, sarkin gida mai ɗaurin fuska da jin kai, shi ne ya riƙe wasan. Lokacin da aka yaudare shi da wasiƙar jabu cewa uwar ɗakinsa Olivia tana sonsa, ya fito cikin babbar riga da ta sha sitati, ya naɗe wando har gwiwa don a ga safarsa ruwan ɗorawa, yana ƙoƙarin murmushi da fuskar da ba ta saba ba. Ya san ya dakata sai dariya ta lafa kafin ya ci gaba da magana, abin da yawancin abokan wasansa ba su riga suka ƙware a kai ba. Daga baya, da aka kulle shi a ɗaki mai duhu aka kawo masa bokan ƙarya, zauren ya yi tsit, kuma na yaba wa mai ba da umarni da bai cusa wani abin dariya a wurin ba, domin tsokanar ta riga ta koma zalunci.

Babban kuskuren ƙungiyar shi ne shigar da wayar salula cikin labarin. Sun mayar da wasiƙar jabu saƙon WhatsApp, alhali dukan makircin ya tsayu ne a kan cewa rubutun hannun Maria mai aiki ya yi kama da na uwar ɗakinta. Da aka cire takardar, sai sarkin gida ya zama sakarai kawai, ba mutumin da girman kai ya rufe wa ido ba. Bugu da ƙari, da zarar an ga waya a hannun 'yan wasa, dole mai kallo ya tambayi kansa abin da ya hana Viola neman ɗan'uwanta. Barkwancin TikTok da aka sassaka a tsakiya ma bai samu dariyar da gwaggo ta samu ba, har daga ɗaliban da aka yi dominsu.

Ta fuskar hidima, an fara a makare, amma an tsaya don sallar magariba, an kuma tanadi butoci da tabarmi a harabar zauren. Kuɗin shiga bai fi ƙarfin ɗalibi ba. Lasifikar bango ɗaya tana ƙara, kuma muryar Viola ba ta kai layukan baya, saboda haka wanda zai je ya nemi kujera a gaba ko a tsakiya. Ana iya zuwa da iyali, domin babu batsa a ciki, sai dai wasan ya yi wa ƙananan yara tsawo. Shawarata ga ƙungiyar ita ce ta mayar da wasiƙar takarda, ta kuma samar wa Viola makirufo kafin nuni na gaba.