Plafon mai kaushi: a kankare shi, a shafe shi, ko a rufe shi?

Hajiya, kin ce gidan da kuka saya a Sabon Gari plafon ɗakunansa, wato rufinsu ta ciki, duk kaushi ne kamar an watsa masa tsakuwa, ƙura da saƙar gizo-gizo suna maƙalewa a ciki, kuma magini ɗaya ya ce a kankare, wani ya ce a rufe da sabon plafon. Kafin ki ba kowannensu kuɗin kaya, a fara gano abin da aka yi kaushin da shi, domin shi ne zai raba gardamar.

Ki sa yaro ya hau tsani ya fesa ruwa a wuri kamar faɗin tafin hannu, a jira minti 15, sannan a gwada wurin da bakin cokalin gini. Idan ya yi laushi ya zubo kamar tuwon da ya kwana cikin ruwa, filasta ce ko farar ƙasa. Idan cokali ya yi ƙara ya zame, to tiroliyen ne, wato feshin siminti da yashi da muka saba gani a bangon waje, wanda wasu magina suke kai shi har ƙarƙashin dal, wato rufin kankare, don su ɓoye rashin daidaitonsa. Fentin mai yana hana ruwa shiga, saboda haka in an taɓa shafa shi, a ɗan karce fentin tukuna.

Kankarewa tana da kyau ne kawai a nau'i na farko. Kuɗinta kaɗan ne, ɗaki ba ya rasa tsayinsa, kuma idan ana jiƙa wurin kafin a sa ƙarfe ƙura ba ta tashi sosai, sai dai a fitar da kaya a shimfiɗa leda a ƙasa. A kan tiroliyen kuwa wahala ce da ɓarna. Na ga an yi haka a gidan wani ɗan'uwana a Zango: ma'aikata biyu suka kwana uku da guduma da kurfi, siminti yana faɗo musu a ido, suka bar dal ɗin duk ramuka, a kusurwa ɗaya har ƙarfen ciki ya leƙo. Daga baya dole aka sake yaɓe shi gaba ɗaya, aka biya ladan aiki sau biyu.

Shafewa da anduwi (kwaɓin da ake shafawa don a yi sumul kafin fenti), wadda maginanki ba su ambata ba, ita ce na fi so ga tiroliyen da yake riƙe da kyau. Ana share ƙura, a kakkarya manyan ƙwayoyin da suka fi fitowa, a sa maganin da ke sa sabon shafe ya kama, sannan a bi da anduwi siriri sau biyu ko uku, kowane ya bushe kafin na gaba, a goge a yi fenti. Aikin yana buƙatar mai hannu, domin fitila tana tona kowane tudu da kwari a plafon fiye da yadda take yi a bango. Lokaci ma yana da muhimmanci a Damagaram: a watan Afrilu da Mayu, sa'ad da zafi yake wuce digiri 40 kuma dal ya wuni yana shan rana, anduwi yana bushewa kafin a gama daidaita shi, sai ya tsattsage. Watannin sanyi sun fi, a rufe tagogi saboda ƙurar hunturu.

Rufewa da sabon plafon ita ce mafi tsada kuma mafi tsabta. Tana ɓoye wayoyin lantarki, iskar da ta rage tsakanin dal da sabon rufin tana ɗan rage zafin da ke sauka, amma ɗaki yana rasa aƙalla ƴan santimita na tsayinsa, wanda ake ji a ɗakin da dama ba shi da tsawo. A cikin kayan rufewar, staf, wato allon filasta, yana da kyan gani amma ba ya shiri da ruwa; kontaraplake, wato siririn allon katako, ya fi arha, sai dai gara tana son sa da katakon da ke riƙe shi; na roba ba ya tsoron ruwa ko gara, amma mai arha yana lanƙwasa a zafi. Ko wanne aka zaɓa, ƙugiyar fanka a dal ake kafa ta, ba a jikin sabon plafon ba.

Akwai hali guda da ya soke duk lissafin nan. Idan ba dal ba ne, alluna ne masu launin toka da aka jera ƙarƙashin kwano, irin waɗanda a Najeriya ake kira silin asbestos, kada a kankare, kada a goge, kada a huda. Ƙurarsu tana haddasa cutar huhu da ciwon daji waɗanda sukan bayyana bayan shekara 20 ko fiye, kuma ido ba ya bambance allon da ke da asbestos da wanda ba shi da shi. Faransa ta haramta shi tun 1997, Ingila a 1999. A wannan hali rufewa ce mafita, a ɗaure sabon firam a bango ko a katakon rufi ba tare da an taɓa tsofaffin allunan ba.

Ki kuma duba ko akwai tabo mai launin ruwan ƙasa. Idan akwai, rufin yana yoyo, kuma ruwan Agusta zai ɓata anduwi da staf duka, don haka a gyara saman kafin damina. Da gidana ne, kuma gwajin ya nuna siminti a kan dal mai lafiya, da na shafe ɗakunan kwana da anduwi, na ajiye kuɗin staf don falo kaɗai.