Shafin DFD na binciken sunayen Jamusawa ya yi

Masu son sanin asalin sunan ɗan ƙwallo Müller ku leƙa shafin DFD na Jamus, wato ƙamusin sunayen dangi na Jamusawa a intanet, kyauta ne wallahi ko sisi ba ka biya. Kana rubuta sunan zai fito maka da ma'anarsa, wato mai niƙan hatsi, kuma shi ne na ɗaya a yawa duk Jamus, Schmidt maƙeri na biye masa sai Schneider tela, ga taswira da ke nuna inda suka fi yawa. Inda na ɗan ga gazawarsa, ƙidayar daga layukan wayar gida na 2005 suka ɗauko ta, to ka ga waɗanda suka shigo ƙasar daga baya ba sa ciki.