Sharhi Kan Littattafan Hotuna Uku Masu Koya wa Yara Jure Shan Kaye

Na sayi waɗannan littattafai uku ne saboda 'yata mai shekara shida, wadda idan aka cinye ta a wasan ludo takan watsar da 'ya'yan wasan, ta koma gefe tana kumbure-kumbure har sai an rarrashe ta. Mun shafe kusan wata biyu muna karanta su kafin barci, kuma ba dukkansu ne suka cika alkawarin da ke rubuce a bangonsu ba.

Kowannensu shafi 32 ne, kamar yadda aka saba buga littattafan hotuna, kuma dukkansu sun ɗora labarinsu a kan ra'ayin da Pierre de Coubertin, wanda ya farfaɗo da wasannin Olympics na zamani, ya yaɗa a Landan a 1908 bayan huɗubar Bishop Ethelbert Talbot: shiga gasa ya fi cin ta muhimmanci.

Biyu daga cikinsu sun yi abin da nake ɗauka a matsayin yaudara, domin bayan an shafe shafuka ana jaddada cewa nasara ba komai ba ce, sai a ƙarshe a rataya wa wanda ya sha kaye wata lambar yabo ta musamman. Yara ba su da wuyar gane wayo irin wannan. Da muka kai shafin, 'yata ta ɗora yatsa a kan lambar ta ce, "Ai shi ma ya ci, Baba."

Na ukun ne ya burge ni. Ɗan giwa ne ya zo na ƙarshe a tseren gudu, kuma mai zanen ya ware shafi biyu cur babu ko kalma ɗaya, sai ɗan giwar zaune shi kaɗai a bakin fili, kunnuwansa a saluɓe, sauran dabbobi can nesa suna murna. Ba a ɓoye zafin shan kaye ba, ba a kuma yi gaggawar share masa hawaye ba. Ba wanda ya ba shi kyauta; abokinsa ne kawai ya zo ya tambaye shi ko zai fito gobe. Hoton ya tuna mini da John Stephen Akhwari na Tanzaniya, wanda ya kammala gudun fanfalaki na Olympics ɗin Meziko a 1968 a matsayin na ƙarshe, gwiwarsa ɗaure da bandeji, sama da sa'a guda bayan wanda ya zo na ɗaya.

Aibinsa kaɗan ne: ɗinkin littafin bai da ƙwari, har shafukan tsakiya sun fara fita, sannan nasihar da aka rubuta wa iyaye a baya ta yi tsawo, ni kam tsallake ta nake yi.

'Yata tana nan tana fushi idan aka cinye ta, ba zan yi ƙarya ba. Sai dai a makon jiya da ta sha kaye, ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta tattara 'ya'yan ludon da kanta ta ce a sake.