Amount, Number, Quantity da Magnitude: Kowacce da Gurbinta

Wata ƙanwarmu a wannan zaure, mai shirin rubuta jarrabawar WAEC, ta turo tambaya. Ta rubuta "the amount of students in our class", malaminta ya ja mata jan biro ya sa number. Da ta duba ƙamus, sai ta tarar amount, number, quantity da magnitude duk suna kai-komo tsakanin "yawa", "adadi" da "girma". Tana son sanin inda suka rabu.

Ƙanwata, malaminki ya yi daidai. Mu a Hausa mukan ce yawan mutane, yawan ruwa, yawan damuwa, kalma ɗaya ta ɗauke su duka. Turanci kuwa ya raba sunaye gida biyu, masu ƙirguwa da marasa ƙirguwa. Number ta masu ƙirguwa ce, amount ta marasa ƙirguwa. Dubi waɗannan kafaɗa da kafaɗa:

the number of students, amma the amount of water
the number of bags, amma the amount of rice
the number of hours, amma the amount of time
the number of notes, amma the amount of money

Na san a layin ƙarshe za ki tsaya ki ce, kuɗi fa? Ai kullum ƙirga su muke yi. A nan ne mafi yawan ɗalibai ke tuntuɓe, domin Turanci ba ya duban abin da ke hannunki, kalmar yake dubawa. Gwajin mai sauƙi ne: sa lamba kafin kalmar, ki ji ko ta zauna. "Three students" ta zauna, "three notes" ta zauna, "three moneys" ba ta zauna ba. Takardun kuɗi suna ƙirguwa, naira tana ƙirguwa, amma ita kalmar money ba ta karɓar lamba. Shi ya sa a rasit ɗin POS da takardar ajiya ta banki amount kike gani.

Wannan gwajin zai tsamo ki daga wani tarkon. Muna cewa bayanai, shawarwari, kayayyaki, sai hannu ya kai ga ƙara s a ƙarshen information, advice, furniture, equipment da luggage. Dukansu marasa ƙirguwa ne a Turanci, don haka amount ke tafiya da su. In kina son ƙirgawa sai ki ce "two pieces of advice". Kowacce kuma tana da 'yan rakiyarta: many da fewer suna bin number, much da less suna bin amount.

Akwai wata ƙa'ida da masu shirya jarrabawa ke so ƙwarai. "A number of students are absent" tana nufin ɗalibai da dama ba su zo ba, aikatau na jam'i ne. "The number of students is small" kuwa a kan adadin kansa ake magana, aikatau na tilo ne. "A" da "the" kaɗai suka sauya, ma'ana ta juya.

Za ki ji Turawa da kansu suna cewa "the amount of people" a hira. Haka ne, suna faɗa. Amma a takardar jarrabawa ko wasiƙar neman aiki kada ki bi su, domin rubutu na hukuma bai karɓe ta ba.

Quantity kalmar awo ce da ciniki, ta abin da ake aunawa da kilo, lita, mudu ko buhu. Tana shiga gida biyun: "a large quantity of rice", "large quantities of books". Inda bambancinta da amount ya fi fitowa fili shi ne rasit ɗin shago. Ɗauki na mai sayar da kayan gini ki duba layin sama. Akwai gurbin Qty, wato quantity a taƙaice, akwai gurbin farashin guda, sannan a can dama gurbin Amount. A ce an sayi siminti buhu 20, kowane buhu naira 10,000. A ƙarƙashin Qty za a rubuta 20, a ƙarƙashin Amount a rubuta 200,000. Na farko yawan kaya ne, na biyu jimlar kuɗi. Daga nan ma sunan quantity surveyor ya fito, mai lissafa bulo, rodi da simintin da gini zai ci. Abin da ba ya hawa sikeli, irin su haƙuri, ƙoƙari da tausayi, amount ta fi dacewa da shi: "a great amount of patience". Haka kuma ba a saba jingina quantity ga mutane ba, domin tana sa su yi kama da kayan sayarwa.

Magnitude kuwa ba 'yar wannan ɗakin ba ce. Ukun farko suna amsa tambayar "nawa?", ita tana amsa "yaya girmansa ko ƙarfinsa?". A labaran girgizar ƙasa aka fi jin ta. Wadda ta afka wa Turkiyya da Siriya ranar 6 ga Fabrairu, 2023, magnitude ɗinta 7.8 ne. Ta Maroko a Satumbar wannan shekarar 6.8 ce. A ido tazarar 1 ce kacal, amma tun tsarin da masanin girgizar ƙasa Charles Richter ya kawo a 1935, irin wannan ma'auni ninkawa yake yi: kowane mataki ɗaya na nufin motsin da na'ura ta ɗauka ya ninka sau 10, ƙarfin da ya fita kuma ya ninka kusan sau 32. In kina ajin kimiyya, kin haɗu da ita a fizik. Ƙarfi na newton 10 (newton ma'aunin ƙarfi ne) da ke turawa gabas, 10 ɗin ne magnitude, gabas kuma ita ce alkibla. "An order of magnitude" kuma tana nufin ninki goma.

A wajen kimiyya ana ajiye ta don manyan al'amura: "the magnitude of the problem". Girman takalmi, ɗaki ko gona size ne, magnitude ba ta sauka a kansu. Ina yawan ganin ɗalibai suna cusa ta a insha'i don ta yi kwarjini, kuma ina ba ki shawara ki guji hakan. Mai duba takarda ya fi ganin darajar kalma ƙarama da ta zauna a gurbinta.

Ga al'amari guda da zai nuna miki su a jere. Lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a Satumbar 2024 ruwa ya mamaye Maiduguri, mai rubuta rahoto da Turanci zai ce "the number of houses" don gidajen da suka rushe, "the amount of water" don ruwan da ya kwararo, ko volume in zai auna shi da lita. Zai ce "the quantity of food" don abincin da aka raba a sansanoni, "the extent of the damage" don nuna iya inda ɓarnar ta kai, sannan "the magnitude of the disaster" don girman musibar gaba ɗaya. Biyun ƙarshe sun yi kusa da juna, har wani lokaci ɗaya takan tsaya a madadin ɗaya. Extent ta fi karkata ga faɗi da iyaka, unguwa nawa abin ya shafa, ina ya tsaya. Magnitude ta fi karkata ga nauyin abin da tsananinsa.