Bitar Mataimakin Banki Mai Amsa Saƙo ta WhatsApp a Jos

Tun daga 2018, lokacin da bankin UBA ya fito da mataimakinsa mai amsa saƙo, Leo, a Facebook Messenger, bankunan Najeriya suka shiga rige-rigen samar da mataimaki mai ƙirƙirarriyar basira da zai riƙa amsa saƙon abokan hulɗa dare da rana. Wanda nake bita a nan na wani banki ne daban, wanda da dama daga cikin masu sayar da tumatir da kabeji da dankali a kasuwar Farin Gada da ke Jos suke da asusu a cikinsa.

A ƙananan ayyuka ba shi da makusa. Yana nuna abin da ya rage a asusu, yana sayen katin waya, kuma idan katin cirar kuɗi ya ɓace da tsakar dare, yakan toshe shi nan take. Duk wanda ya sha layi a ƙofar banki lokacin ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya san darajar wannan sauƙi.

Gazawarsa tana bayyana ne idan ciniki ya cije. Dillali ya biya kuɗin kwandunan tumatir ta POS, an cire daga asusunsa, mai kaya kuma bai ga alat ba, ga direban mota yana jiran a sallame shi kafin rana ta taɓa kayan. A irin wannan hali mataimakin yakan ba da lambar ƙorafi, sannan ya yi ta maimaita haƙuri iri ɗaya. Alhali tun 2020 Babban Bankin Najeriya ya ƙayyade awa 72 don warware irin wannan takaddama ta POS, kuma ya kamata a ce wannan wa'adi shi ne abu na farko da za a sanar da mai ƙorafi. Ƙari a kan haka, ba ya fahimtar Hausa, wadda da ita ake yawancin ciniki a kasuwar, don haka dattijo sai ya miƙa wa yaro wayarsa da sirrin asusunsa.

A ganina, laifin ba na manhajar ba ne, na shugabannin da suka tsara aikinta ne. Su ne suka yanke shawarar inda na'ura za ta tsaya ta miƙa magana ga ɗan Adam, kuma su ne suka bar teburin ƙorafi na reshe da ma'aikata kaɗan, waɗanda ba su da ikon mayar da ko sisi sai sun jira hedikwata. Ma'aikaciyar da na tarar a can ta saurare ni da ladabi, ta buɗe kwamfuta ta ga matsalar ƙarara, amma hannunta a ɗaure yake. Bankin da ya rage kashe kuɗi ta wannan hanya yana gajiyar da ma'aikatansa, yana kuma tura 'yan kasuwa zuwa wajen masu POS na bakin titi.

Ina ba da shawarar amfani da shi wajen duba asusu da toshe kati. Idan kuwa kuɗin ciniki ne suka maƙale, a adana lambar ƙorafin da takardar POS, a je reshe da su, kuma idan mako biyu suka wuce babu gyara, a kai kuka sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Banki.