Sharhi kan ƙaramin jirgin tsere Gee Bee R-1 mai rimot, bayan tashi 40 a Kano

Wanda ya taɓa ganin hoton Gee Bee ba ya mantawa da shi: jiki kamar tulu, fiffike gajere, wurin zaman matuƙi can baya daf da jela, ga ja da fari ras. 'Yan'uwan Granville ne suka ƙera na ainihin a garin Springfield na jihar Massachusetts a Amurka a 1932. Dabararsu ita ce su ɗauko ƙaton injin Pratt & Whitney Wasp su lulluɓe shi da mafi ƙanƙantar jikin da zai iya ɗaukarsa. A wannan shekarar Jimmy Doolittle ya ci gasar Thompson Trophy da shi a Cleveland, ya kuma kafa tarihin gudu na jiragen da ke tashi daga doron ƙasa, sama da kilomita 470 a awa. Shekara ɗaya bayan haka jirgin ya kife da Russell Boardman a Indianapolis yana cikin tashi, kuma raunin ya yi ajalinsa. Na kawo wannan ne domin ƙaramin da nake sharhi a kansa ya gaji kyawun ubansa, ya kuma gaji halinsa.

Samfurin na soson EPO ne mai tauri. Faɗin fiffikensa daga wannan ƙarshe zuwa wancan mita 1, tsawonsa kusan santimita 70. Tunda fiffiken na ainihin mita 7.6 ne, wannan kashi ɗaya ke nan cikin bakwai da ɗoriya. Yana zuwa da inji mai aiki da batir, da na'urar sarrafa gudun inji ta ESC mai amfiya 40, da ƙananan sarbo huɗu masu giram 9, wato 'yan injinan da ke motsa sassan fiffike da jela, da farfela 11x7 mai tsawon inci 11. Rimot da risiba, wato na'urar da ke karɓar siginar rimot a cikin jirgi, da batir kai za ka nemo. Da batirin LiPo mai sel 3 na mAh 2200 a ciki, ma'aunina ya nuna kilo 1.1. Fenti ya fita, lamba 11 tana inda take a jikin na ainihin, har wayoyin da ke ɗaure fiffike an kwaikwaya. Haɗa shi bai fi awa biyu ba, da sukudireba da ɗan gam. Ta wannan ɓangaren ba ni da ƙorafi.

Aikin gaske yana wajen saiti, kuma uwar saitin ita ce wurin da nauyin jirgin ya daidaita. Faɗin fiffiken a gindinsa, daga gaba zuwa baya, santimita 18 ne. Takardar da ke cikin kwali ta ce a daidaita shi tsakanin milimita 50 zuwa 55 daga gaban fiffike. A ganina 55 ya yi baya da yawa ga tashin farko. Jirgin da jelarsa ke kusa da fiffike haka ba shi da doguwar sandar da za ta kwantar masa da hanci, saboda haka ɗan nauyi kaɗan a baya sai ka ga yana ɗaga kai yana sunkuyarwa, kana gyarawa yana wuce gona da iri. Ka fara daga milimita 45 zuwa 48. Ka sa alama da biro a saman fiffike hagu da dama, ka kifa jirgin tunda fiffikensa a ƙasa yake, ka ɗora shi kan yatsu biyu da batir a ciki. Ya kamata ya tsaya daidai, ko hanci ya ɗan rinjaya. In ka tura batir har ƙarshe bai isa ba, je wurin masu balansin taya ka karɓi ƙananan ƙarafan nan masu gam, na giram 5. Uku na liƙa a cikin murfin inji. Batirin kuwa ka ɗaure shi da maɗauri mai ƙarfi, ka zana layi inda yake zama, domin in ya zame baya da santimita 1 a sama, duk lissafinka ya rushe.

Akwai gwajin da ke tabbatar da wannan a sama. Ka hau can nesa da ƙasa, ka daidaita shi a rabin totur, ka sunkuyar da hanci kamar digiri 45, ka saki sandar rimot. In ya ɗago da sauri, nauyi ya yi gaba. In ya ƙara nutsawa, nauyi ya yi baya, sai ka sauko nan take ka gyara. Abin da ake so shi ne ya ɗago a hankali da kansa. A milimita 48 haka nawa ke yi.

Sai motsin leɓuna, wato sassan fiffike da jela masu motsi. Leɓen jela mai ɗaga hanci da sauke shi, shi ne wanda ya fi karya irin wannan jirgi. Na sa masa milimita 7 sama, 7 ƙasa a ƙaramin saiti, 11 a babba, da ekspo kashi 35 don tsakiyar sanda ta yi laushi. Mutum zai ga kamar 7 ya yi kaɗan. Bai yi ba. Leɓunan fiffike milimita 8 da 12, ekspo 30. Sitiyarin jela kuwa ka ba shi iya abin da zai ɗauka, milimita 20 zuwa 25, don a ƙasa za ka buƙace shi sosai. A auna da rula daga wuri mafi faɗi na leɓen, kada a yi da ido. Kuma a rage motsin ta hanyar matsar da sandar sarbo zuwa ramin ciki na hannunsa kafin a taɓa lambobin rimot, saboda in ka rage komai daga rimot kawai, sarbo yana aiki da ɗan guntun zangonsa, motsin sai ya yi tsalle-tsalle.

Kafin kowane tashi, tsaya a bayan jirgin: sanda dama, leɓen dama ya ɗaga sama, na hagu ya sauka. In risibarka mai jairo ce, wato na'urar da ke daidaita jirgi da kanta, karkata jirgin da hannu zuwa dama, leɓen dama ya sauka don ya yi gardama da karkatar. Jairo da aka juya baibai yana kifar da jirgi cikin daƙiƙa biyu. Duk wani saiti a gida a yi shi an cire farfela. A nan ne kuma ake kashe rimot a ga ko inji ya tsaya da kansa. In bai tsaya ba, saitin katsewar sigina bai zauna ba, kada a fita da shi.

Tashi daga ƙasa yana son haƙuri. Farfela tana juyawa dama in ka kalle ta daga baya, jirgin kuma yana fizgar hagu, kuma wannan farfelar babba ce a jikin gajeren jirgi. Ka fuskanci iska, ka riƙe sanda baya don jela ta manne da ƙasa, ka ƙara totur a hankali cikin daƙiƙa uku zuwa huɗu, kana ba shi sitiyarin dama. Da ya ɗauki gudu ka mayar da sanda tsakiya, jela ta ɗago, ka bar shi ya gudu a kan taya biyu har ya nemi tashi da kansa. Wanda ya danna totur gaba ɗaya ya fizge shi sama da wuri zai ga fiffiken hagu ya faɗi, kuma a tsayin mita biyu babu gyara. Na ƙara washa ɗaya a bayan inji ta yadda ya ɗan kalli dama da kamar digiri 1 bisa yadda ya zo, fizgar ta ragu sosai.

Da zarar ya hau, sai ka manta da duk wahalar. A kashi uku cikin huɗu na totur yana tafiya kamar an ɗora shi a kan layin dogo, ba ya rawa, ba ya jan gefe. Kwanar tsere, wadda ake yi ta hagu kamar yadda ake zagaye turaku a gasa, ita ce abin da ya fi iyawa: ka kwantar da shi kusan a tsaye kan fiffike, ka ja sanda a hankali, ya zagayo ya fito da gudunsa. Ganin wannan jan tulu ya ratso gabanka ƙasa-ƙasa da hantsi, wallahi ya biya kuɗinsa. Amma in ka ja sanda da ƙarfi a tsakiyar kwana, musamman a babban saiti, iska za ta saki fiffike ɗaya ko da yana cikin gudu, ya wuntsila ba sallama. Maganinsa ka saki sanda gaba ɗaya, ka bar shi ya sunkuya ya samu gudu, sannan ka ɗago. Wannan yana buƙatar tsayi, don haka a koyi kwanar a sama kafin a sauko da ita.

Sauka ita ce jarrabawar. Ƙaton hancin nan birki ne, da ka kashe totur gudu yake zubewa nan da nan. Ka shigo da kwata na totur, hanci ɗan ƙasa, ka riƙe haka har tayoyin gaba su taɓa, sannan ka rage wuta, jela ta sauka da kanta, sai ka ja sanda baya. Kada ka yi ƙoƙarin ajiye taya uku lokaci ɗaya. In ya yi tsalle, ƙara totur sannu ka sake zagayowa. Danna totur da ƙarfi a wannan halin yana mirgina jirgin hagu.

A nan yanayinmu yake shiga lissafi. Kano tana kusan mita 480 sama da teku, kuma a Afrilu da Mayu zafi yana kai digiri 40. In aka haɗa biyun, iska ta fi wadda ake lissafi da ita a bakin teku a digiri 15 sirantaka da kusan kashi 13 cikin 100. Ma'ana jirgin yana buƙatar ƙarin gudu kamar kashi 7 kafin fiffike ya ɗauke shi, farfela kuma ba ta kama iska sosai. Jirgin da ya sauka lafiya da sanyin safiya, da azahar sai ka ga yana faɗowa a gudun da ka saba. Lokacin da ya fi shi ne daga bayan asuba zuwa ƙarfe tara, kafin iska da guguwar rani su taso. Rana tana kuma kumbura soson EPO, fuskarsa ta yi ƙuraje, kuma jan fentin ne ke fara yi. A rufe shi da farin ƙyalle in yana ƙasa, kada a bar shi a but ɗin mota. Ramin da iska ke fita a bayan ɗakin batir ya yi ƙanƙanta ga zafinmu, na faɗaɗa shi ya ninka, ESC ta daina ɗaukar zafin da yatsa ba ya iya jurewa.

Da hunturu matsalar ido ce. Farin jikin yana narkewa cikin hazo, kuma da yake jirgin dunƙulalle ne, daga nesa ba ka gane ko cikinsa kake gani ko bayansa. Layi biyu na baƙin salatif a ƙarƙashin fiffike sun warware wannan, sai dai masu son kamanni tsantsa ba za su ji daɗi ba. Ƙura tana shiga boris, maganaɗisun inji kuma yana tsince baƙin yashi mai ƙarfe. Bayan kowace fita a hure shi, a juya da hannu a ji ko yana ƙaras-ƙaras.

Babban aibinsa ƙafafu ne. Rigar tayoyin tana da kyau, amma tazararta da taya ba ta wuce milimita 2 ba. Tsakuwa ɗaya ko ƙarangiya ta maƙale, taya ta tsaya, jirgi ya dungura ya daki jela. Na yanke milimita 3 daga bakin rigar ta ciki. Faifan robar da ke riƙe ƙafar a cikin soso shi ma ya fara motsi tun kafin sauka ta goma, domin gam ɗin da aka sa masa bai wadata ba. Gyaransa guntun filawud mai kaurin milimita 2 da gam mai haɗi biyu irin Araldite, mai jinkirin bushewa, kuma gara a yi tun jirgin yana sabo. Duk da haka jirgin ba na gona ba ne. Kunya da kututturen kara ba sa barinsa, sai dandaryar ƙasa mai tauri, shararriya, mai tsawon aƙalla mita 80.

Samun irin wannan wurin sai an fita wajen gari, ta hanyar Zariya ko Wudil ko Gwarzo. Filin jirgin sama na Malam Aminu Kano yana manne da gari, ga sansanin sojan sama, don haka ɓangaren Fagge da Ungogo da kewayensu a cire su daga lissafi. Hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta Najeriya, NCAA, ce ke kula da jiragen da ba matuƙi a ciki, kuma tun 2016 ta sanar cewa sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, saboda haka a bi wannan hanyar tun farko. A gai da mai unguwa, a nemi yardar mai fili. Yara kuwa za su taru ko daga ina, dole a zo da mutum ɗaya wanda aikinsa kawai ya tsayar da su a bayan matuƙi. Farfela mai inci 11 tana yanka har ƙashi.

A cikakken totur mita ta nuna amfiya 30. Da tuƙi gauraye, minti 5 nake sa wa agogo, batir yana saukowa da kusan bolt 3.75 a kowane sel. A bar shi ya huce kafin caji, a yi cajin a amfiya 2.2 da caja mai daidaita sel, ya tsaya a 4.2. Wanda za a ajiye fiye da kwana biyu a mayar da shi 3.8, domin cikakken batir a ɗakin da ya ɗauki zafi kumbura yake yi, kumburarre kuma ba a sake amfani da shi. Caja mai karɓar bolt 12 ta fi dacewa da mu, tana aiki da batirin mota ko na sola ba sai an jira wuta ba. A yi caji a kan siminti, mutum yana kusa.

Kayan gyara ba a samunsu a kanti a nan, sai oda, saboda haka a haɗo da farfela uku da sarbo biyu tun sayen farko. Sodar fulogin batir na XT60 kuwa masu gyaran waya na Farm Centre suna yi da kyau, a dai nuna musu jan waya da baƙa.

Wanda bai taɓa tuƙi ba kada ya fara da wannan. Ya fara da manhajar koyo a kwamfuta, sannan jirgi mai fiffike a sama, sannan wani mai taya a jela wanda ya fi sauƙin kai. Wanda ya wuce nan, yana sauka ba fargaba ko da iska ta gefe, ina ba shi shawarar ya saya, ya ƙarfafa ƙafafun kafin ya fita, ya sa nauyi a milimita 46 da ƙaramin saiti a tashin farko.