Inshorar mota ta naira 15,000: abin da na gani bayan na bugi motar wani

Shekara da shekaru ina sabunta takardun motata ta hannun wani ɗan kamasho. In ba shi kuɗi da safe, da la'asar ya kawo mini takardu, har da ta inshora mai hatimi. Ban taɓa karanta ta ba, don amfaninta a wurina bai wuce in miƙa idan an tsayar da ni a hanya ba. Sai da 'yan sanda suka sanar cewa daga 1 ga Fabrairu, 2025 za su matsa wa masu tuƙi ba inshora, wani abokin aikina ya ce in danna *565*11# a waya in sa lambar mota. Na danna. Motata ba ta cikin rumbun NIID, inda kamfanonin inshora ke shigar da duk motar da suka yi wa rajista. Ashe takardar bogi nake ta yawo da ita, da 'ya'yana a kujerar baya.

Ranar na nemi wani kamfanin takaful, wato inshorar Musulunci, saboda hankalina ya fi kwanciya da tsarin da ya dace da shari'a. Kuɗin inshorar da ke biyan ɓarnar da ka yi wa wani naira 15,000 ne. Tun Janairun 2023 hukumar NAICOM mai kula da harkar inshora ta ɗaga shi daga 5,000, ta kuma ɗaga diyyar dukiyar da ka ɓata wa wani daga miliyan 1 zuwa miliyan 3. Sayen bai wahalar da ni ba: hoton takardun mota, lambar inji da ta shasi, na tura kuɗi, takarda ta iso ta WhatsApp. Washegari na sake danna lambar nan, sai ga motata ta fito.

Da damina ta sauka aka jarraba ni. Ina kai yara makaranta ta titin Gidan Zoo a Kano, wani ɗan A Daidaita Sahu ya yanko, motar gabana ta taka birki, ni kuwa ƙasa da santsi, sai ji na yi ƙum. Bamba ta fashe, fitilar baya ta tarwatse, but ya lotsa. Mai motar dattijo ne. Na ce, "Alhaji, a yi haƙuri, laifina ne, amma ina da inshora." Ya dube ni ya ce, "Malam, ni gyara na sani, ban san inshora ba." Ban ga laifinsa ba. Ni ma wata shida kafin nan abin da zan faɗa ke nan.

Nan ne aikin yake. Sai da na ɗauki hotuna kafin a matsar da motocin, na karɓo rahoton 'yan sanda, mai gyaran jikin mota ya rubuta ƙiyasi, na cike fom. Kamfanin ya turo mutuminsa ya duba, ya ɗan rage ƙiyasin, aka yi ja-in-ja kaɗan aka daidaita. Kusan mako uku kafin kuɗi su shiga asusun Alhaji. Wannan jiran ya yi mini ciwo, domin ni yake kira kullum, ni kuma in kira su, su ce ana kai. Fom ɗin ma duk Turanci ne mai sarƙaƙiya. Direban da bai yi boko ba sai ya nemi mai karanta masa, alhali a Kano ake sayar da abin.

Wani abu da ya kamata a riƙa faɗa wa mai saye tun farko: wannan inshorar ba ta gyara taka motar. Tawa da kuɗin aljihuna na sa mata fitila da gaba. Duk da haka, abin da suka biya Alhaji ya ninka abin da na ba su sau da yawa, kuma a watan da ake neman kuɗin makaranta. Zan sabunta, kai tsaye daga kamfanin.

Makon jiya Alhaji ya kira ni. Wai in tura wa ɗansa lambar nan da ake dannawa, don su ma ta hannun ɗan kamasho suke yin takardunsu.